Mai Sauraron Yara: Jonathan Kellerman da Adabin Masana Halayyar Ɗan Adam

A shekarar 1975, a Asibitin Yara na birnin Los Angeles da ke Amurka, akwai wasu ɗakuna da aka kewaye da labulen roba, waɗanda iskar cikinsu ma sai an tace ta. Yara masu fama da cutar daji ake kwantarwa a ciki, waɗanda ƙarfin magani ya karya musu garkuwar jiki, har ta kai ƙwayar cutar da ba za ta sa lafiyayyen yaro ko atishawa ba tana iya zama ajalinsu. Yaro kan yi makonni a keɓe. Uwarsa na kallonsa yana kallonta, amma ba dama ta rungume shi yadda ta saba. Likitoci sun san abin da maganin ke yi wa jini da ɓargo, sai dai ba su san abin da wannan kaɗaici ke yi wa tunanin ƙaramin yaro ba. Suka ɗora wa wani matashi masanin halayyar ɗan Adam alhakin bincikawa, da kuma kula da yaran da iyayensu. Sunansa Jonathan Kellerman. Shekara goma bayan haka duniya ta san shi, amma da wata sana'a dabam: rubuta ƙagaggun labarai na binciken kisan kai.

Akan ɗauka cewa ribar da irin wannan marubuci ke samu daga aikin asibiti ita ce tarin labarai, tunda kullum mutane na zuwa suna zazzage masa cikinsu. Ni a ganina ba nan ribar take ba. Labaran majinyata amana ce da ba shi da hurumin taɓawa. Abin da ya halatta ya fita da shi daga asibiti shi ne tarbiyyar kunne, wato iya sauraro, da haƙurin ƙin yanke hukunci da wuri. Gwargwadon riƙon da Kellerman ya yi wa wannan tarbiyya, gwargwadon ƙarfin littattafansa ke nan, kuma inda ya sassauta riƙon, rauni ya bayyana.

An haife shi a New York ranar 9 ga Agustan 1949, iyayensa Yahudawa suka koma da shi Los Angeles yana ɗan shekara 9. Ya yi digirin farko a fannin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, yana ɗaukar nauyin karatunsa da zanen barkwanci da aikin jarida da koyar da kaɗa jita. A 1974 ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Shi ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware, kuma shi ke rubuta magani. Masanin halayya mai aiki a asibiti kuwa kayan aikinsa hira ce, da gwaje-gwaje, da lura da yadda mutum ke magana da yadda yake yin shiru. Batun da Kellerman ya zaɓa don kundin digirinsa na uku ya cancanci a lura da shi, domin shi ne tambayar da ya yi ta maimaitawa a littattafansa har yau: idan hankalin yaro ya samu matsala, wa mutane ke ɗora wa laifi?

Zamanin da ya shiga asibiti zamani ne na sauyi. A farkon shekarun 1960, yaron da aka gano yana da sankarar jini kusan an gama yanke ƙauna da shi. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 haɗa magunguna iri-iri ya sa yara da dama sun fara tsira. Da tsirar sai sababbin tambayoyi suka taso. Yaya za a yi da yaron da ke fara amai tun a mota, da ya gane hanyar asibiti aka nufa? Yaya za a yi da ƙanensa da aka manta da shi a gida, da uban da ya koma kwana a wurin aiki don gudun kallon ɗansa, da yarinyar da gashinta ya zube ta ce ba za ta ƙara zuwa makaranta ba? A 1977 asibitin ya kafa wani shiri na musamman don kula da wannan ɓangare na jinya, Kellerman ne ya fara jagorantarsa. A 1980 ya fitar da littafi na ilimi a kan halin da yara masu cutar daji ke shiga a tunani, a 1981 kuma ya rubuta wa iyaye wani a kan yadda za su taimaki yaro mai yawan tsoro.

Duk wannan lokaci yana rubutun adabi a ɓoye, ba ya kuma samun karɓuwa. Ya ci wata gasar rubutu mai suna Samuel Goldwyn yana ɗan shekara 22, ya ɗauka hanya ta buɗe, sai ga shi ya shafe fiye da shekara goma yana rubuta littattafan da kamfanonin ɗab'i ke mayar masa. Da dare yake yi, a cikin gareji, bayan ya taso daga asibiti kuma gida ya yi barci. Ya sha faɗa cewa karanta Ross Macdonald ne ya nuna masa inda zai sa ƙafa, kuma wannan magana tana da ma'ana ga wanda ya san tarihin wannan nau'in adabi. Labarin jami'in bincike mai taurin kai, wanda Dashiell Hammett da Raymond Chandler suka gina a shekarun 1920 zuwa 1940, labari ne na kuɗi da bindiga da ruɓewar manyan gari. Macdonald, wanda shi kansa ya taɓa zama a gaban masu jinyar tunani a ƙarshen shekarun 1950, ya juya akalar zuwa cikin gida. A littattafansa, kisan da aka yi yau tushensa na can cikin wani abu da iyaye ko kakanni suka binne shekaru ashirin da suka wuce, kuma jami'insa Lew Archer ya fi yawan tambaya da sauraro a kan harbi. Abin da Kellerman ya ƙara shi ne ya cire rigar ɗan sanda daga jikin mai sauraron, ya sa masa ta asibiti.

Haka aka haifi Alex Delaware, a littafin When the Bough Breaks na 1985. Delaware masanin halayyar yara ne ɗan shekara 33 da ya ajiye aiki, bayan ya yi jinyar wasu yara da aka ci zarafinsu a wani gidan raino, kuma wanda ya aikata laifin ya je ya kashe kansa a ofishinsa. Mutum ne da aikin ya cinye. Sai abokinsa ɗan sanda, Milo Sturgis, ya zo masa da buƙata: an kashe wani likitan ƙwaƙwalwa da wata mace, kuma mai shaida ɗaya tak ake da ita, yarinya 'yar shekara 7 mai suna Melody Quinn, wadda ba ta iya faɗin abin da ta gani.

A nan ne ake gane cewa hannun ma'aikaci ne ya riƙe alƙalamin. Marubucin da bai taɓa zama da yaro a firgice ba zai sa jaruminsa ya tsugunna, ya yi murmushi, ya yi tambaya biyu, yarinya ta buɗe baki ta ba da sunan mai kisa. Delaware bai fara da tambaya ba sam. Abin da ya fara gani shi ne yarinyar a sanyaye take fiye da kima, ya bi sawu ya gano likitanta ya ɗora ta a kan maganin da ake ba yara marasa natsuwa, ya kuma yi zargin an cika mata shi. Ya ga uwar, matalauciya mai zaman kanta, wadda ke tsoron likita fiye da yadda take tsoron 'yan sanda, domin a wurinsa take samun abin da ke sa 'yarta ta zauna shiru. Ya fita da yarinyar yawo, ya bar ta ta saba da shi, ya jira. Shafuka masu yawa suna wucewa babu abin da ya faru in ban da wani babba da ke ƙoƙarin cancantar amincewar wata yarinya. Ban san wani wuri a wannan nau'in adabi da aka ba wa wannan aiki mai cin rai irin wannan fili ba kafin Kellerman, kuma waɗannan shafuka su ne suka fi tsaya mini a rai fiye da duk tseren mota da harbe-harben da ke ƙarshen littafin.

Akwai abin da za a soka. Delaware ya yi amfani da dabarar nan ta sanya mutum cikin yanayi mai kama da gyangyaɗi don a taimaka masa ya tuno abin da ya manta. Kellerman ya san dabarar sosai, domin ya yi bincike a kan amfani da ita wajen rage wa matasa masu cutar daji zafi da fargaba. Amma rage zafi dabam, tono shaida dabam. Tun a 1982 Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta yanke cewa shaidar da aka farfaɗo da ita ta wannan hanya ba abar dogaro ba ce, saboda mutum na iya tuno abin da bai faru ba, ya kuma rantse a kansa da zuciya ɗaya. Littafin ya fito a daidai lokacin da Amurka ke cikin ruɗanin shari'ar makarantar rainon yara ta McMartin, a kusa da Los Angeles ɗin nan. An fara zargin a 1983, aka yi wa ɗaruruwan yara tambayoyi ta hanyar da daga baya masana suka nuna tana sa wa yaro magana a baki, aka kashe kusan dala miliyan 15, aka rufe shari'ar a 1990 ba tare da an samu ko mutum ɗaya da laifi ba. Wannan ruɗani ya taimaka wa kasuwar littafin, babu shakka. Ya ci lambar yabo ta Edgar ta gwarzon littafin farko a 1986, aka kuma mayar da shi fim ɗin talabijin a wannan shekara, Ted Danson ya fito a matsayin Delaware. Abin da ya tsirar da littafin daga zama wani ɓangare na ruɗanin shi ne Delaware bai taɓa matsa wa yarinyar ta faɗi abin da manya ke son ji ba.

Batun amana shi ne ƙashin bayan al'adar rubutun masu jinyar tunani gaba ɗaya, kuma ya girmi littattafan Kellerman da kusan ƙarni guda. Tun a 1895, a littafin da suka rubuta tare da Josef Breuer a birnin Vienna, Sigmund Freud ya lura da kansa cewa rahotanninsa a kan majinyata suna karantuwa tamkar gajerun labarai. Sun sauya wa matan sunaye, suna ganin hakan ya wadatar. Bai wadatar ba. Wadda suka kira Anna O., a 1953 marubucin tarihin Freud, Ernest Jones, ya bayyana wa duniya cewa Bertha Pappenheim ce, mace mai daraja da ta yi suna wajen kare haƙƙin mata, danginta kuma ba su ji daɗin hakan ba. Yarinyar da Freud ya kira Dora a 1905 ita ma an gano ta. A 1977 wata kotu a New York ta ba wata mata gaskiya a kan likitar ƙwaƙwalwarta da ta wallafa littafi cike da sirrin da ta faɗa mata a ɗakin jinya, duk da an ɓoye sunanta. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to a wannan sana'a maganar ta wuce ladabi, doka ce da ake iya ƙwace wa mutum lasisi a kanta.

Kowane marubuci daga cikin masu wannan sana'a da hanyar da ya bi ya fita daga wannan tarko. Irvin Yalom, likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Stanford wanda aka haifa a 1931, ya nemi izinin majinyatansa kafin ya wallafa labaransu a Love's Executioner a 1989, ya kuma sauya musu kamanni. Da ya juya ga ƙagaggen labari sai ya koma ga matattu: a When Nietzsche Wept na 1992 ya haɗa Breuer da masanin falsafa Nietzsche a ɗakin jinya a Vienna ta 1882, haɗuwar da ba ta taɓa faruwa ba. Frank Tallis na Ingila, shi ma masanin halayya mai aiki a asibiti, ya kai nasa jarumin Max Liebermann can Vienna ta farkon ƙarni na 20, inda babu majinyacinsa na London da zai ga kansa. Nawal El Saadawi ta Masar ta bi akasin haka. Tana binciken damuwar da ke addabar mata ne ta shiga gidan yarin Ƙanatir, ta haɗu da wata mata da ke jiran hukuncin kisa, ta gina wani littafi a kanta a 1975, ta kira jarumarsa Firdausi. A wurinta yin shiru da labarin shi ne zai zama cin amana, domin matar ta ba da shi ne don a ji. Saadawi da kanta ta kwana a wannan gidan yari a 1981, zamanin Shugaba Anwar Sadat.

Kellerman ya zaɓi ya rufe ƙofar baki ɗaya. Ya sha bayyana cewa ba ya ɗauko majinyatansa ya sa a littafi. Abin da ya ɗauko shi ne wurin da yanayinsa: warin maganin wanke ƙasa, gajiyar ma'aikatan jinya a aikin dare, rigimar manyan likitoci a kan kuɗin bincike, yadda iyaye ke tsayawa a bakin ƙofa suna karanta fuskar likita kafin ya buɗe baki. Littafinsa na biyu, Blood Test na 1986, ya koma kai tsaye cikin ɗakunan robar nan. Yaro ne ɗan shekara 5 mai cutar dajin da ake iya warkarwa, iyayensa suka ƙi amincewa da magani, daga bisani yaron ya ɓace daga asibiti. Babu wani yaro na gaske a bayan wannan labari da za a nuna, amma duk wanda ya taɓa jinyar ɗa zai gane kowane lungu na ɗakin.

Littafin da nake ganin ya fi kowanne nuna abin da wannan haɗin sana'o'i biyu zai iya haifarwa shi ne Devil's Waltz na 1993. Wata jaririya ce, Cassie Jones, ba ta cika shekara 2 ba, ake ta kawo ta asibiti da ciwo iri-iri, yau numfashi, gobe ciki, jibi farfaɗiya, gwaji kuma ba ya nuna komai. Yayanta ya riga ya mutu yana jariri. Kakanta ne shugaban hukumar gudanarwar asibitin, don haka kowa na taka-tsantsan. Likitar da ke kula da ita ta fara zargin wani abu da ke da wuyar furtawa: cewa wani daga cikin masu kula da yarinyar ne ke sa mata ciwon da gangan. Wannan hali sananne ne a likitanci. Wani likitan yara na Ingila, Roy Meadow, shi ya fara bayyana shi a 1977, kuma a mafi yawan rahotannin da aka tattara uwa ce ake samu da laifin, uwa mai nuna tsananin kulawa, wadda ba ta barin gefen gado, wadda ta san sunayen magunguna kamar ma'aikaciyar jinya.

Uwar Cassie ta dace da wannan siffa ɗari bisa ɗari. Mai karatu na ganin haka, Delaware ma na gani. Nan ne Kellerman ya yi abin da ya burge ni. Ya bar jaruminsa ya zauna cikin rashin tabbas na tsawon littafin, yana ziyartar gidan, yana wasa da yarinyar, yana jin ƙaunar uwar na shiga ransa, yana kuma tuhumar kansa ko ƙaunar ce ke rufe masa ido, ko kuwa littattafan da ya karanta ne ke sa shi ganin laifi inda babu. Wanda bai karanta ba ya gafarce ni, dole in faɗi ƙarshen don hujjata ta tsaya: uban ne, malamin kwaleji mai fara'a da sauƙin kai, yana yi wa 'yarsa allurar insulin, yana kuma shirya komai yadda zargi zai faɗa kan matarsa. Ya san siffar da masana ke nema, ya ɗinka mata ita.

Shekara shida bayan fitowar littafin, rayuwa ta nuna yadda wannan gargaɗi yake da nauyi. A 1999 wata kotu a Ingila ta ɗaure wata lauya, Sally Clark, bisa zargin kashe jariranta biyu. Roy Meadow ɗin nan ne ya tsaya a matsayin ƙwararren mai shaida, ya ce yiwuwar jarirai biyu su mutu haka kawai a irin wannan gida ɗaya ce cikin miliyan 73. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili a 2001 ta ce lissafin ba shi da tushe. An sake ta a 2003, ta rasu a 2007 ba ta farfaɗo daga abin da ya same ta ba. Cutar da yara a ɓoye gaskiya ne yana faruwa, haka ma ɗaure uwa marar laifi saboda ƙwararre ya cika yarda da kansa. Littafin Kellerman ya riƙe duka biyun a hannu ɗaya, kuma ban ga yadda wanda bai taɓa ɗaukar nauyin rubuta rahoton da zai raba uwa da ɗa ba zai iya rubuta shi haka.

Irin wannan shakku ya bayyana a wasu wuraren. A Over the Edge na 1987, wani saurayi mai kaifin basira da kowa ya yanke cewa ya haukace, har ana tuhumarsa da kashe-kashe, ashe guba ake ba shi da ke haifar da alamun taɓin hankali. A Self-Defense na 1995 kuma ya taɓo rigimar da ta raba kan masana a lokacin, ta ko mutum na iya binne wani mugun abin da ya gani yana yaro ya tuno shi bayan shekaru, rigimar da masaniyar halayya Elizabeth Loftus ta yi fice a cikinta da gwaje-gwajen da suka nuna ana iya dasa wa mutum tunanin ƙarya.

Wajen 1990 Kellerman ya daina ganin majinyata ya koma rubutu ɗungurungum, ko da yake ya ci gaba da riƙe muƙamin farfesa a makarantar likitanci ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Daga nan kusan kowace shekara sai sabon Delaware ya fito, har suka kai 40 a 2025. Gidan ma ya zama gidan marubuta: matarsa Faye, wadda ta karanci likitancin haƙori, ta yi suna da nata jerin littattafan bincike tun 1986, ɗansu Jesse kuma ya rubuta littattafai da dama tare da uban.

A nan ne nake da ƙorafi, kuma ƙorafin mai ƙauna ne. A littattafan baya-bayan nan yara sun ja baya. Tsarin ya zama sananne: an tsinci gawa a wani yanayi mai ban mamaki, Milo ya kira Alex, su shiga mota su zaga Los Angeles suna yi wa mutane tambayoyi, su zauna cin abinci suna jera hasashe. Hirar tana nan da daɗinta, idon marubucin a kan unguwannin birnin da bambancin masu kuɗi da talakawa bai dushe ba. Amma Delaware ya tashi daga mai jinya ya koma abokin tafiyar ɗan sanda, wanda ke iya zayyana halin mutumin da bai taɓa gani ba daga yadda aka yar da gawa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da sana'arsa ke hani da shi. Tun 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta haramta wa 'ya'yanta bayyana ra'ayin ƙwararru a kan wani sanannen mutum da ba su duba ba, kuma hikimar da ke cikin wannan doka ta shafi kowa. Masu karatu na son gwanin da ke leƙa zuciyar mugu ya karanto ta, kasuwa kuma na biyan mai ba su hakan. Delaware na farko ya fi wannan tawali'u.

Akwai kuma wata illa da ta shafi nau'in adabin baki ɗaya, ba Kellerman kaɗai ba. Idan aka yi ta haɗa ilimin halayya da gawarwaki shekara da shekaru, mai karatu kan fita da tunanin cewa ciwon ƙwaƙwalwa da kisa 'yan uwan juna ne. Bincike ya daɗe da nuna cewa mafi yawan masu fama da taɓin hankali ba sa cutar da kowa, hasali ma sun fi zama waɗanda ake cutarwa. A yi wa Kellerman adalci, miyagun littattafansa galibi ba majinyata ba ne. Masu hankali ne garau, masu muƙami da sutura, sau da yawa ma likitoci ne ko masu jinyar tunani da suka mayar da amanar da aka ba su jari. Yana bambanta mai ciwo da marar imani. Sai dai bambancin na buƙatar mai karatu mai natsuwa, bangon littafi da tallarsa kuwa ba sa taimakawa.

Wannan bambanci shi ya kai shi ga ƙaramin littafin da ya fi jawo masa muhawara, Savage Spawn na 1999, wanda ba ƙagaggen labari ba ne. Ya rubuta shi ne bayan abin da ya faru a garin Jonesboro na jihar Arkansas a watan Maris na 1998, inda yara biyu, ɗan shekara 11 da ɗan 13, suka buɗe wuta a makarantarsu suka kashe ɗalibai huɗu da malama ɗaya. Matsayinsa mai tsauri ne. Ya ce akwai 'yan tsirarun yara da rashin tausayi ke bayyana a jikinsu tun suna ƙanana, cewa hira da lallashi ba sa gyara wanda ya riga ya ƙeƙashe, cewa a nesanta yara da bindiga, a kuma sa baki da wuri tun kafin hali ya kafu.

Na yarda da shi a kan bindiga da kuma sa baki da wuri. Inda nake jin tsoro shi ne wurin tantancewar. Wa zai duba ɗan shekara 8 ya rubuta a takarda cewa wannan ba zai gyaru ba, kuma idan ya yi kuskure wa zai biya? Yaran da za a fara liƙa wa wannan tambari a Amurka an san ko su wane ne: 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata, waɗanda iyayensu ba su da kuɗin ɗaukar wani ƙwararren da zai ƙaryata na farko. Mutumin da ya rubuta kundi a kan yadda ake rabon laifi idan yaro ya samu matsala, wanda kuma ya rubuta Devil's Waltz, ya fi kowa sanin wannan haɗari. A Savage Spawn bai ba shi filin da ya kamata ba, kuma hujjojin da zan ƙalubalance shi da su daga littattafansa na farko na samo su.